Tabarau Kayan Aiki Ne: Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Ministan Lafiya

Zuwa ga Mai Girma Farfesa Muhammad Ali Pate, Cigarin Misau, Ministan Lafiya da Walwalar Jama'a na Tarayyar Najeriya.

 

Na san teburinka cike yake da matsalolin da ke ɗaukar rai: mutuwar mata wajen haihuwa, tamowa, kwalara, mashaƙo, da ficewar likitoci zuwa ƙasashen waje. Abin da na kawo maka bai kai su nauyi ba, kuma ba ya kashe kowa. Tabarau ne, wato gilashin da ake auna ido a ba mutum don ya ga abin da ke gabansa. Na ɗauko maganarsa ne saboda cikin matsalolin lafiya da suka dabaibaye ƙasar nan babu wadda maganinta ya kai nasa sauƙi da araha, amma ga talaka ya zama sai wane da wane.

Duk wanda Allah Ya ara wa kwana ya haura shekara arba'in, akwai ranar da zai fara miƙa hannu nesa kafin ya karanta saƙon da ke wayarsa. Ba cuta ba ce. Ƙwayar da ke cikin ido, wadda take lanƙwasawa don a ga abu na kusa, ita ce take taurara da shekaru, kuma ba ta ƙyale sarki ba balle talaka. Ma'aikacin ofis yakan je ya yi gwaji ya ci gaba da aikinsa. Amma ka dubi telan da ke kiran yaron shago ya zura masa zare a allura, da matar da ta yi shekara ashirin tana ɗinkin hula a cikin gida har ta aurar da 'ya'ya da kuɗinsa, yau ta ajiye allura tana cewa ido ya tsufa. Ka dubi badukun Kasuwar Kurmi ta Kano, da mai gyaran waya a kasuwar Farm Centre, da mai gyaran agogo, da alaramman da ya rubuta Alƙur'ani da ka amma yanzu wasali da ɗigo sun gagare shi, da dattijuwar da ke tsintar shinkafa da lalube. Waɗannan mutane suna barin sana'a ne a daidai lokacin da hannunsu ya gama faɗawa, lokacin da ya kamata a ce su ne ke koyar da na baya. Idan ka tambaye su sai su ce girma ne ya zo. Ba su san gilashi biyu a cikin ɗan firam na roba sun isa su mayar musu da shekara goma sha biyar ko ashirin na aiki ba. Tabarau a wurin tela kamar fartanya ne a wurin manomi, kuma babu mai cewa fartanya kayan ado ce.

Ba hasashe nake yi ba. A jihar Assam ta Indiya an yi gwaji da masu tsinkar ganyen shayi 751 'yan shekara arba'in zuwa sama, aka ba rabinsu tabaran karatu. Sakamakon da mujallar Lancet Global Health ta buga a 2018 ya nuna ganyen da masu tabarau ke tsinka a yini ya ƙaru da kusan kashi 22 cikin ɗari. A Bangaladash wani gwajin da aka buga a 2024, wanda ya haɗa da teloli da masaƙa da masu ƙananan sana'o'i a ƙauyuka, ya nuna kuɗin shigarsu na wata ya ƙaru da kimanin kashi ɗaya bisa uku. Wane shirin rage talauci muke da shi da ya taɓa kawo irin wannan riba da ɗan abin da aka kashe? Rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya kan gani, na 2019, ya ƙiyasta mutum miliyan 826 ne a duniya ke fama da rashin ganin kusa don kawai ba su da tabarau. A nan gida ma, binciken ƙasa kan makanta da aka yi tsakanin 2005 da 2007, wanda ya duba idon mutum fiye da 13,000, ya gano kashi 4.2 cikin ɗari na 'yan shekara arba'in zuwa sama makafi ne, kuma shiyyarka ta Arewa maso Gabas ce ta fi kowace yawansu. Makantar dai yawanci yanar ido ce da hawan jinin ido. Amma cikin waɗanda ke gani dishi-dishi ba su kai ga makanta ba, fiye da rabi tabarau kawai suke buƙata.

Na yara ya fi ci mini rai, domin ni malamin makaranta ne. Yaron da ba ya hangen nesa bai san haka ba. A tunaninsa kowa haka yake ganin allo, hazo-hazo. Sai ya riƙa kwafar rubutu daga littafin na kusa da shi, ko ya kanne ido, ko ya bar rubutun gaba ɗaya. A ajin da yara suka haura ɗari, wa zai lura da shi? Sai a yi masa laƙabi da daƙiƙi, wani lokaci har da bulala, shi kuma ya yarda cewa ba shi da kai. Yarinya kuwa ta fi shi asara, don ita da ma ana neman dalilin cire ta daga makaranta. A yammacin ƙasar Sin an raba wa ɗaliban firamare na karkara tabarau kyauta, kuma binciken da aka buga a 2014 ya nuna makinsu na lissafi ya tashi. Ba a sauya musu malami ba, ba a ƙara musu littafi ba. Allon kawai suka fara gani.

Ranka ya daɗe, ban manta da abin da gwamnatinku ta fara ba. A watan Satumban 2023 Shugaba Bola Tinubu ya gana da Farfesa Andrew Bastawrous na gidauniyar Peek Vision, ya amince da shirin samar wa 'yan Najeriya tabarau miliyan biyar, ya kuma tuna da shirinsa na tabarau mai suna Jigi Bola lokacin yana gwamnan Legas. Wannan abin yabo ne, kuma duk wanda ya samu zai yi muku addu'a. Sai dai rabon kyauta na yini ɗaya ne, buƙatar tabarau kuwa ta sauran rayuwa ce. Tabarau yana karyewa. Jika ya zauna a kansa, ya faɗo a masallaci, gilashin ya karce da ƙurar hunturu. Ko bai karye ba, wanda aka ba lamba ɗaya yana ɗan arba'in da biyu zai buƙaci lamba biyu kafin ya kai hamsin da biyar, yaro kuma idonsa na sauyawa kusan kowace shekara. Ranar da na kyautar ya lalace, tantin da aka kafa a harabar sakatariyar ƙaramar hukuma ya daɗe da naɗewa. Ina zai nufa? Wannan ce tambayar da ta sa na ɗauki alƙalami. Abin da muke nema wuri ne tabbatacce, kusa da gida, inda mutum zai sami gwajin ido na gaskiya da tabarau a farashin da aljihunsa zai ɗauka, yau da gobe da baɗi.

A halin da ake ciki hanya biyu ce gare shi. Ta farko ita ce asibiti ko shagon tabarau na birni. Muna da wuraren da suka yi suna: Cibiyar Kula da Ido ta Ƙasa a Kaduna, asibitin ido na ECWA a Kano wanda tun shekarun 1940 yake karɓar marasa lafiya har daga Nijar da Chadi da Kamaru, asibitin ido na Makkah, da sassan ido na asibitocin koyarwa. Suna iyakar ƙoƙarinsu. Amma mutumin Gwaram ko Illela ko Damban sai ya biya kuɗin mota, ya yanki kati, ya rasa cinikin yini ɗaya, sau da yawa ya sake dawowa karɓar tabaran, duka kafin a zo maganar kuɗinsa. Ni kaina na taɓa shiga wani shago a cikin birni aka yanka mini farashin da ya haura naira 70,000, wato mafi ƙarancin albashin wata da aka amince da shi a 2024.

Ya kamata a bi wannan tsada a ga inda ta samo asali, domin ba daga masana'anta take ba. Garin Danyang na ƙasar Sin shi kaɗai yana yin kusan rabin gilashin tabarau na duniya, kuma a ƙofar masana'anta tabaran karatu na talaka bai kai dala ɗaya ba. Tsadar a hanya take taruwa. Da gilashin da firam ɗin da na'urar da ke yanka gilashi ta daidaita shi da firam, kusan duka shigo da su muke yi da dala, dalar da kafin watan Yunin 2023 take kusan naira 460 a farashin gwamnati, ta haura 1,500 a 2024. Sai kuɗin fito a tashar jiragen ruwa, sai na dillali, sai haya, sai man janareta. Mai shago kuma, tun da masu saye kaɗan ne, dole ya ɗora dukkan wannan nauyi a kan 'yan tsirarun da suka shigo. Tsada ta kori jama'a, rashin jama'a ya ƙara tsada. Ban ɗauki masu shagon nan a matsayin azzalumai ba. Da yawansu ƙwararru ne da suka yi shekara shida a jami'a suna neman halalinsu.

Duk da haka akwai ɗabi'u biyu a wannan kasuwa da suke buƙatar idon hukuma. Ɗaya ita ce yadda ake tura mai saye zuwa ga abin da bai zo nema ba. Ya zo ne don ya gani, sai a fara jera masa firam masu sunan manyan kamfanoni, alhali da yawa daga cikin sunayen nan, irin su Ray-Ban da Oakley, mallakar kamfani ɗaya ne, EssilorLuxottica, wanda ya kafu a 2018 bayan haɗewar babban mai yin gilashi na Faransa da babban mai yin firam na Italiya. Wasu ma jabu ne da aka liƙa wa sunan. Sai a ƙara masa da gilashi mai canza launi a rana, da wanda aka ce yana tare hasken waya, a nuna masa kamar in bai saya ba idonsa zai mutu. Nazarin da cibiyar Cochrane ta fitar a 2023, bayan ta tattara gwaje-gwaje 17, bai ga alamar cewa gilashin tare shuɗin haske yana rage gajiyar ido ba. Mai hali ya sayi abin da ransa ke so, babu laifi. Amma a fara nuna wa kowa mafi araha tukuna, a rubuta farashinsa a bango inda za a gani.

Ɗabi'a ta biyu ita ce riƙe takardar gwaji. Wasu wuraren sukan auna idonka su ƙi ba ka lambar a rubuce, don kada ka je wani shagon ka yi ciniki. Wannan tauye haƙƙi ne. Idon naka ne, kuɗin gwajin kai ka biya. A Amurka tun 1978 doka ta wajabta wa mai gwajin ido ya miƙa wa mutum takardarsa nan take, ko ya nema ko bai nema ba, ba tare da ƙarin ko sisi ba. Da wannan takarda a hannu ne masu sayar da tabarau mai rahusa suka sami kasuwa a can. Muna da hukumar rajistar masu gwajin ido da masu haɗa tabarau, wadda aka kafa a 1989 kuma take ƙarƙashin ma'aikatarka. Umarni ɗaya daga gare ta ya isa, kuma ba zai ci wa gwamnati kwabo ba.

Hanya ta biyu ita ce ta mai talla, wanda ke jera tabarau a kan katako a bakin tasha, ko ƙofar masallacin Juma'a, ko ranar kasuwar ƙauye. Dattijo zai tsaya ya yi ta gwadawa ɗaya bayan ɗaya yana duba ɗan guntun jarida, har ya dace da wanda ya buɗe masa rubutu. Na sha jin ƙwararru suna kiran a kama masu wannan sana'a. Ban goyi bayan haka ba. Mai tallan nan shi kaɗai ne ya kai tabarau inda gwamnati ba ta kai ba, kuma tabaran karatu da aka haɗa tun daga masana'anta ba ya lalata idon babba. A Ingila tun ƙarshen shekarun 1980 aka halatta sayar da shi ga manya ba tare da takardar likita ba. Haɗarin yana wani wuri dabam. Mai talla ba ya iya gane hawan jinin ido, wanda ke cin gani a ɓoye ba tare da ciwo ba, kuma abin da ya ci ba ya dawowa. Ba ya gane yana, ba ya gane ɓarnar ciwon suga. Mutumin da idonsa biyu ba lamba ɗaya suke ba, ko yaron da ba ya hangen nesa, babu abin da ke kan katakon da zai yi musu amfani. Korar mai talla ba za ta warkar da ko ɗaya daga cikinsu ba. Abin da zai taimaka shi ne a tabbatar da ingancin kayan da ke shigowa, a kuma koya wa masu talla da masu kemis abu kaɗan: kada a sayar wa yaro, kuma duk wanda tabaran bai buɗe wa gani ba, ko yake jin ciwo, ko yake ganin gefe ya rufe, a tura shi asibiti a ranar.

Tsakanin shagon birni da katakon tasha akwai wani gini da ke kusan kowace mazaɓa, wato asibitin sha-ka-tafi. Nan ne nake roƙon ka kai tabarau. Ruwanda ta yi haka. Daga 2012, tare da gidauniyar Vision for a Nation, ta riƙa ba ma'aikatan jinya horon kwana uku kan gwajin ido na farko, har ta kai shi dukkan cibiyoyin lafiya 502 na ƙasar. Sun riƙa sayar da tabarau a kan kimanin dala ɗaya da rabi, mafiya talauci kuma a ba su kyauta, wanda matsalarsa ta fi ƙarfinsu su tura shi gaba. Ba sai na koya maka yadda ake irin wannan aiki ba. Kai ne ka shugabanci hukumar lafiya a matakin farko daga 2008 zuwa 2011, a zamaninka aka tura ungozomomi ƙauyuka, kuma yanzu ma'aikatarka na da shirin sake horar da ma'aikatan lafiya 120,000. A sa gwajin ido cikin wannan horo. Kayan aikin ba su wuce allon gwaji, igiyar awon tazara, tocila da akwatin tabarau mai lambobi daga ɗaya zuwa uku ba. A riƙa karɓar ɗan kuɗi kaɗan wanda zai sake cika akwatin, asusun kula da lafiya a matakin farko da dokar lafiya ta 2014 ta kafa kuma ya ɗauke wa marasa hali.

Na san za a yi ja. Wasu ƙwararrun za su ce an miƙa aikinsu ga waɗanda ba su karanta ba. Damuwarsu tana da tushe, a zauna da su, su ne ma ya kamata su rubuta darasin su kuma sa ido a kan masu yi. Amma a faɗi gaskiya: yawancin jami'o'in da ke koyar da ilimin gwajin ido suna Kudu, a Benin da Abiya da Imo, kuma waɗanda suka gama a manyan birane suke zama. Jami'ar Bayero ta buɗe nata sashen, Allah Ya yi albarka, sai dai kafin ta yaye waɗanda za su wadaci ƙananan hukumomin Arewa, telolin da nake magana a kansu sun riga mu gidan gaskiya. Ma'aikacin sha-ka-tafi ba zai ƙwace wa ƙwararre kasuwa ba. Kawo masa ita zai yi, domin cikin duk mutum goman da ya gwada, akwai waɗanda dole sai an tura su gaba, mutanen da a da ba za su taɓa taka ƙofar asibitin ido ba.

Waɗanda aka tura gaban, musamman yara, su ne ke buƙatar gilashin da aka yanka musu daidai idonsu, kuma a nan ne farashi ke kayar da iyaye. A watan Yunin 2024 shugaban ƙasa ya sa hannu a kan umarnin da ya ɗauke kuɗin fito da harajin kaya daga injuna da kayan haɗa magunguna. Ina roƙon ka tabbatar gilashin da ba a yanka ba, da firam marasa tsada, da na'urorin yankan suna cikin jerin ƙarara, yadda jami'in kwastan ba zai lissafa su da tabaran gayu ba. Hukumar Lafiya ta Duniya tun 2016 ta sa tabarau cikin muhimman kayan tallafin nakasa guda 50, tare da keken guragu da na'urar ƙara ji. Idan kowace jiha ta sami ɗakin yankan gilashi ko da ɗaya ne a babban asibitinta, ana aika masa lamba ta waya daga ƙananan hukumomi yana mayar da tabarau a motar haya, iyaye sun huta da zirga-zirga. Dokar inshorar lafiya ta 2022 kuma ta wajabta inshora ga kowa, ta yi tanadin asusu don marasa galihu. Tabarau ɗaya ga kowane ɗan makaranta mai buƙata ya cancanci shiga ciki, a tarayya da kuma hukumomin taimakekeniyar lafiya na jihohi.

Saura abin da kuɗi ba ya saye. Har yau akwai masu cewa tabarau na ƙara kashe ido, wai in ka fara sawa ba ka rabuwa da shi. Gaskiyar ita ce ido ne ke ci gaba da sauyawa da shekaru, da tabarau ko babu, kuma wanda ya ɗanɗani gani tangaran ba ya son komawa cikin hazo. Akwai uwar da ke ɓoye tabaran 'yarta don kada a ce tana da lalura ta rasa miji, akwai yaron da ke cusa nasa a jaka don abokai na yi masa dariya. Lokacin da jita-jita ta kusa durƙusar da rigakafin shan-inna a Arewa, wurin sarakuna ka nufa, Mai Alfarma Sarkin Musulmi ya shige gaba, aka yi nasara. Wannan bai kai waccan wuya ba, don da yawan sarakunan da limaman da za ka roƙa su yi magana, da tabarau a fuskarsu za su tarbe ka.

A 2021 ƙasashen duniya, har da Najeriya, sun amince a babban taron Hukumar Lafiya ta Duniya cewa kafin 2030 za su ƙara yawan masu samun tabaran da ya dace da idonsu da maki 40 cikin ɗari. Lokacin ya ƙarato. Don haka roƙona na ƙarshe shi ne ma'aikatarka ta riƙa fitar mana da lissafi a fili, jiha-jiha da ƙaramar hukuma-ƙaramar hukuma: nawa aka raba cikin miliyan biyar ɗin nan, nawa ne na yara, kuma asibitocin sha-ka-tafi nawa ne mutum zai shiga yau a gwada idonsa ya fito da tabarau a hannu. Da wannan lissafi mu ma za mu san gwamnan da za mu rubuta wa wasiƙa ta gaba.

Allah Ya ƙara maka lafiya da basira, Ya sa ka gama lafiya.

Wassalam.

Naka,
Wani malamin makaranta daga Kano.